Warin Taba a Jikin Bargo

Zuwa ga jikata Tsinke,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ido a kan nasa ba. Yaya jikin, yaya aikin, yaya maigidan naki can wajen gyaran hanya? Ni lafiya ƙalau, sai gwiwar nan ta hagu da ke yi mini tsiya duk sanda zan hau bene, sai kuma kunne, kin san halinsa. Tela na ƙasa ne yake rubuta mini, ya bar wandon mutane a kan keke ya ɗauki biro, sai ki sa masa albarka.

Saƙonki ya iso, bargo da takarda. A bakin shagonsa Tela ya karanta mini, kuma kin san sai an yi ihu nake ji, to kafin labarin juna biyun naki ya gama shiga kunnena, mai gyaran takalmi na tsallaken titi har ya ce barka. Tsinke da ciki! Ikon Allah. Yarinyar da nake ɗaure wa siket da igiya don kar ya zame. Da yayata, kakarki ta jini, tana raye ta ga jikarta haka, da yau ba mai barci a gidan nan. Na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka.

Bargon yana da laushi, na gode, Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufe ni. Amma akwai magana. Tela, rubuta yadda na faɗa, kar ka tsaya kallona. Da na hau sama na buɗe ledar, abin da ya fara dukan hancina warin sigari ne. Ni ban iya karatu ba, amma hancina ba jahili ba ne. Marigayi maigidana ya sha sigari har ya koma ga Allah, na san warin nan kamar yadda na san ƙofar ɗakina.

Tsinke, wa ke shan sigari a ɗakinki? In mijinki ne, ki lallaɓa shi ya riƙa fita waje. Kin tuna matar mai gyaran fanka ta saman bene? Mijinta a ɗaki yake busawa, taga a rufe. Bakwaini ta haifa, aka sa shi a kwalba. Na je dubiya aka nuna mini shi ta gilashi, wallahi kamar ɗan tsako da aka fige. Ya rayu, amma har yau ƙirjinsa kuka yake kamar kyanwa. Masu asibiti sun ce hayaƙin nan yana cikin abubuwan da suka ja. Tun da na shinshina bargon nan yaron nake gani a idona.

Kina zuwa awo? Ki ba ni amsa da wuri. Kar ki ce za ki bugo waya, kin san ni da waya sai "eh? eh?" har kuɗinki su ƙare.

Kakarki.

*

Kakata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na yi dariya har matar da ke ninke zannuwa kusa da ni ta tambaya ko lafiya. A gaida gwiwa, a gaida Tela, a ce masa don Allah ya rage murya, ba shela aka ba shi ba.

Jiki da sauƙi. Laulayin ya ragu, sai ciwon baya. Kin san aikin namu, zannuwan gado da tawul na otal-otal ake kawowa buhu-buhu, mu zuba a inji, mu kwashe, mu tura a babban injin guga. Tururi kamar cikin tukunya, kuma a tsaye muke daga safe har yamma.

Kar ki ɗauki alhakin maigidana. Shi ko hayaƙin ashana ba ya so, kuma ma tun kafin in sayi bargon yana can wajen aikinsu. Abokan aikina ne. Lokacin hutu matakalar baya ake fita, nan kaɗai ake samun iska, masu sha su sha, mu kuma mu zauna. Shi ne warin yake kama kayan mutum. Ki shanya bargon a rana, zai fita.

Na je awo sau ɗaya, layi ya yi yawa, zan koma. Ki kwantar da hankalinki, tsohuwa, kar hawan jini ya kama ki a banza.

Taki,
Tsinke.

*

Zuwa ga Tsinke,

Bayan sallama da fatan alheri. Na sami amsarki, kuma ban gamsu ba. Bargo ba ya zuwa wurin aiki, ballantana ya zauna a matakala. Ita kanta takardar da kika aiko wari take yi. Idan mijinki ba ya sha kuma ba ya nan, to saura mutum ɗaya a ɗakin.

Ki sani cewa 'ya mace mai tarbiyya ba a ganin wannan abu a hannunta. Kin zubar da mutuncin gidan da kika fito, kin watsa wa marigayiya kakarki ƙasa a ido. Duk abin da ya sami abin da ke cikinki, ke kika jawo, kuma za ki amsa tambaya a kansa ranar gobe. Idan ba ki daina ba daga ranar da wannan takarda ta same ki, zan sa a sanar da mijinki, kuma babu ni babu ke.

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Kakarki.

*

Tsinke, 'yata, jikata, sanyin idona,

Salamu alaikum. Yaya jikin? Yaya bayan? Ni ba lafiya ba, ba ciwo ba. Ba Tela ne ke rubuta wannan ba, Uwar Biyu ce, maƙwabciyata ta ɗakin da ke kallon nawa. Mun rufe ƙofa, ta kunna fanka don kar a ji mu, don an ce raɗata ma har bakin famfo ake ji.

Shiru ya yi yawa. Duk safiya sai na sauka na tsaya a ƙofar gida, mai kawo wasiƙu har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Sai zuciyata ta ce, ko wani abu ya sami cikin? Ko tana asibiti ba kowa kusa da ita? Abinci ya ƙi shiga. Ranar nan na kasa daurewa na ce wa Tela, kai, me ka rubuta wa yarinyar nan ne? Ya cire tabarau yana murmushi ya ce, "Ai Kaka gyara miki maganar na yi. Taki ta yi laushi da yawa, yaran yanzu sai da tsawa." Sannan ya maimaita mini abin da ya rubuta, da ƙarfi, yana jin daɗin kansa.

Tsinke! Babu ni babu ke? Ni? In babu ke, wa ya rage mini? Wallahi tallahi ban faɗa ba. Maganar bargo ba ya zuwa aiki, tawa ce. Maganar takarda tana wari, tawa ce. Sauran duk ɗinkin Tela ne. Abin da na ce masa shi ne: ka ce mata ina jin tsoro. Ka ce mata ko mene ne ta gaya mini, ni na wanke mata kashi, ba abin da zai fito daga wajenta in gudu. Na ga yana ta rubutu ba ya ɗagowa, na ce a raina Allah sarki, mutumin nan ya ji tausayina. Ashe hudubar da ba a taɓa ba shi dama ya yi ba ce ya samu.

Na karɓe rigata da na kai masa gyara, hannu ɗaya a farke, na ce mutumin da aka kawo masa faci ya kama yanka, ba da ni ba. Yanzu in zan wuce shagonsa bango nake kallo.

Ba wanda zai gaya wa mijinki komai. Wannan maganarki ce, ke za ki faɗa in kin ga dama. Shi ma Tela na ce masa in na ji ta a bakin wani, almakashinsa zan jefa a kwata.

Daga yau Uwar Biyu ce kaɗai za ta riƙa karanta mini taki. Bakinta take sawa a kunnena na dama, mai ɗan saura. Ta rantse ba za ta fitar ba, kuma mace ce da ta riƙe sirrin mutane da yawa a benen nan, har da nawa. In zagina za ki yi, ki zage ni a takarda, za ta karanta mini ba ragi. Shirun nan ne ba zan iya ba.

Kakarki da ba ta barci.

*

Kaka,

Na gaishe ki. Uwar Biyu, na san ke ce kike karantawa, na gaishe ki, ki duba ƙofar da kyau.

Ranar da waccan takardar ta zo, a banɗakin wurin aiki na karanta ta. Na ji kamar ba muryarki ba ce, amma na ce ai mutum in ya yi fushi muryarsa takan canza. Kin san me na yi da na fito? Matakalar baya na nufa na kunna sigari. To kin ji. Ni ce. Ƙarya na yi miki.

Ba da niyya na fara ba. Farkon tafiyar maigida wajen aikin hanya, ɗakin nan ya yi mini faɗi, ba mai ce mini sannu. A wurin aiki kuma duk hira a matakala ake yi. Wata rana na fito daga gaban injin guga jiri na ɗibata, wata ta miƙo mini kara ɗaya ta ce ja ki ji, kanki zai dawo daidai. Daga nan ne. Yanzu da safe kafin shayi ita nake nema. Da na gane ina da ciki na ce na bari. Na jefar da kwalin a kwandon shara, kafin azahar na koma na tono shi. Kaka, na tsani kaina a ranar.

Tunda an fara, bari in ƙarasa. Akwai wata ƙwaya da muke sha don ciwon baya, wata abokiyar aiki ce ke kawowa. Ba likita ne ya rubuta ba. In na sha sai in tsaya har yamma ban ji komai ba. In ban sha ba jikina ya yi ta tsami, gumi, hamma, kamar zazzaɓi zai kama ni.

Ba layi ne ya hana ni komawa awo ba. Ungozomar ta tambaye ni, "Kina shan wani abu? Taba, giya, ƙwaya?" Labule ne kawai tsakanina da sauran mata, ina jin numfashinsu. Na ce a'a. Ta kalle ni ta rubuta. Na fito ban sake komawa ba, don ban san yadda zan dubi idonta ba.

Jiya ya motsa sosai, kamar yana ƙwanƙwasa ƙofa. Na zauna a bakin gado na yi ta ba shi haƙuri.

Amma Kaka, kar ki ce mini "ki daina kawai". Ke fa? Battar garin tabar nan da ke ƙulle a bakin zaninki, tun ina ƙarama nake ganin kina ɗiba kina cusawa a leɓe. Sau nawa likita ya ce ki bari? Kin bari? To haka abin yake. Ba rashin kunya nake miki ba, so nake ki gane.

Tsinke.

*

Jikata,

Salamu alaikum, yaya ku biyun? Uwar Biyu ta karanta mini, ta kai wajen batta ta tsaya tana tari, na ce karanta, ai na ce ba ragi. Ja'ira! Kin harbe ni inda ba kariya. Na gode da kika faɗa mini gaskiya. Ban ji kin ragu a idona ba ko da ƙwayar zarra.

Bari ki ji abin da kakarki ta yi. Kin san ni da asibiti, tun da aka shiga da yayata ba a fito da ita da rai ba, ko ta ƙofar ba na son bi. To na je. Uwar Biyu ta riƙe ni muka je ƙaramin asibitin da ke bayan makaranta, wajen masu awo. Na zauna a benci cikin masu ciki, ni da sandata, yaran mata sai satar kallona suke. Da aka zo kaina na shiga na ce wa nas ɗin, "Mai ciki ce take shan sigari, yaya za a yi?" Sai ta dubi fuskata, ta dubi cikina. Na ce ke, ba ni ba ce, ni na rufe shago tun ba a haife ki ba! Ta yi dariya har da riƙe tebur. Ban faɗi sunanki ba, na ce wata ce tawa a nesa.

Ga abin da ta ce, Uwar Biyu ta ji da kunnuwa biyu masu kyau, in na karkace za ta miƙe. Ta ce ɗan da ke ciki ba ya numfashi da hancinsa tukuna, a jinin uwa yake samun iska da abinci. Duk abin da uwa ta sha, da shi aka sha. Hayaƙin nan yana rage masa rabonsa, shi ya sa wasu suke zuwa ƙanana ko su zo kafin lokaci. Na ce to shi ke nan an makara? Nan ne na fara kuka. Ta kama hannuna ta ce ba a makara ba, duk ranar da aka bari, daga ranar yaron ya fara samun sauƙi. Uwar Biyu, ki rubuta wannan da manyan baƙi.

Maganar ƙwaya kuwa ta ce a yi hattara. Kar ki ci gaba da sha a ɓoye, kuma kar ki yanke ta rana ɗaya da kanki, don irin wadda jiki ya saba da ita, yankewar gaggawa ma takan wahalar da cikin. Ki ɗauki fakitin yadda yake ki kai wa ungozomarki ta gani da idonta, su suka san yadda ake saukowa a hankali. Ta ce giya ma haka, ko kaɗan ba a yarda da ita ga mai ciki ba, na ce wannan kam tawa ba ta sha. Na gaya mata zancen labule. Ta ce ki ce wa ungozomar, "Ina da magana, amma sai a inda ke da ƙofa." Ta ce sun ji irin wannan ba adadi, ba kotu ba ce.

Saura batta. Da muka dawo na kwance ta daga bakin zani na miƙa wa Uwar Biyu, ta juye a masai ta kora ruwa, ina tsaye ina kallo kamar ana binne ɗan'uwana. Tsinke, ashe haka kike ji! Kaina kamar ana daka a ciki. Leɓena sai neman abu yake, ɓawon lemo nake taunawa kamar akuya. Na yi faɗa da mai shara, na yi faɗa da 'yan biyun baiwar Allahn nan a kan ƙwallo, jiya har da buta na yi faɗa. Hannuna kullum yana bakin zani yana lalube.

Ban ce ki daina kawai ba. Na janye, ko da ban faɗa ba. Cewa na yi mu daina tare, ke can ni nan. In kin faɗi ki gaya mini, in na faɗi in gaya miki. Amma ki koma wajen matar nan, don girman Allah. Ni tsohuwa ce, abin da na iya tsoro ne da addu'a. Ita ta iya sauran.

Kakarki.

*

Kakata jaruma,

Ina gaisuwa. A ba buta haƙuri. Da aka ce kin shiga asibiti da ƙafarki saboda ni, na ce to ni wace ce da zan ji tsoron labule?

Na koma. Sau biyu ina kaiwa ƙofa ina juyowa, na uku na shiga. Na faɗi yadda kika koya mini. Ungozomar ta tashi ta ja ni wani ɗan ɗaki da suke ajiye kwalaye, ta rufe, ta zauna a kan kwali ta ba ni kujerar. Na ciro fakitin ƙwayar da kwalin sigarin na ajiye mata. Na jira faɗa. Sai ta ce, "Sannu. Na san ba ƙaramin abu ba ne kawo wannan." Kaka, kukan da na yi har hijabinta ya jiƙe.

Ta haɗa ni da likita, sun tsara mini yadda zan sauka daga ƙwayar a hankali, suna duba ni duk mako. Ta rubuta wa shugabar aikinmu, an ɗauke ni daga gaban injin guga an mayar da ni wajen ninke tawul, a zaune. Lokacin hutu na daina zuwa matakalar baya. Ƙofar gaba nake fita in zauna a bencin mai gadi, mutumin da ba shi da hira sai ta ciwon ƙafarsa. Kewar hirar matakala tana damuna kusan kamar kewar sigarin. Wadda take kawo ƙwaya ta daina gaishe ni. Wata kuma ta kawo mini shawara wai in riƙa kurɓar baƙar giya tana ƙara jini, na ce ta riƙe jininta.

Alkawari alkawari ne: na faɗi sau biyu. Na biyun ranar da aka yi mini hoton ciki aka ce yaron ya ɗan gaza girman da ake so. Na fito a rikice, ban san sanda na saya ba. Na sha rabi na taka sauran. Na gaya wa ungozomar, ta ce faɗuwa ba komawa farko ba ce, in tashi daga inda na faɗi.

Maigida ya zo hutu, na gaya masa da bakina. Na ce a raina shi ke nan. Ya tashi ya fita. Can sai ga shi da bokiti da sabulu, ya sauke labulaye, ya fitar da katifa rana, ya wanke bango har sama. Da ya gama ya ce, "Da kin gaya mini tun farko ai da ban bar ki ke kaɗai da shi ba." Har yanzu akwai ɗan nauyi tsakaninmu, amma yakan bugo kullum da yamma, lokacin da abin ya fi taso mini.

Ke fa, tsohuwa? Gaskiya dai.

Tsinke.

*

Tsinke,

Salamu alaikum. Allah ya yi wa ungozomar nan albarka, ya yi wa mijinki. Gaskiya kike so? Na faɗi sau ɗaya. Tsohon da ke sayar da tsintsiya a kan kwana na roƙa ya ɗan ɗibar mini. Ina sawa a leɓe sai ga Uwar Biyu da kwandon cefane. Na rufe baki na ƙi amsa gaisuwa, ta tsaya ta ƙi tafiya, sai da miyau ya kusa shaƙe ni na tofar. Ga ta nan tana rubutu tana dariya, marar kunya.

Wannan ita ce takarda ta biyu da na aiko ba amsa. Ta farkon ko ta ɓata ne? A lissafina da saura kafin watanki, amma maganar nan ta "ya ɗan gaza" ta tsaya mini a rai. Ba na zarginki da komai, ki ji da kyau. Ko layi ɗaya ne, ko mijinki ne ya rubuta. In wani abu ya faru kar a ɓoye mini don an ga na tsufa.

Kakarki.

*

Kaka,

Ki yafe shirun, daga gadon asibiti nake rubutu. Mace ce! Ta zo kafin lokacinta da ɗan kaɗan. Ƙarama ce, amma da kukanta ta fito, kuka mai ƙarfi, ungozomar ta ce wannan da faɗa ta zo. Ba a sa ta a kwalba ba. Sun riƙe mu suna dubanta saboda ƙwayar da na sha a baya, yanzu sun ce tana kama nono da kyau, gobe ko jibi za mu gida. Rabona da sigari tun ranar hoton nan. Ba zan ɓoye miki ba, jiya da na ji warinta a rigar wani mai dubiya, raina ya biya. Na gaya wa nas, na rungume 'yata har abin ya wuce.

Akwai wata takarda a ciki, a ninke. Uwar Biyu, wannan ba sai kin karanta ba, ki miƙa mata kawai.

Tsinke.

*

Maijego,

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Uwar Biyu, ki rubuta sau uku. Barka, barka da arziki, barka da sauka lafiya. Yaya jikin, yaya ruwan nono, yaya 'yar baƙuwa? A gaida angon ƙarni.

Da Uwar Biyu ta kai wajen "mace ce", guɗar da na yi har Tela ya hawo bene da gudu, tef a wuya, ya ɗauka mutuwa aka yi. Na ce masa an haihu. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula, ya ce ko zan yarda ya ɗinka wa jaririyar 'yan riguna. Na ce ya ɗinka, amma ban da rubutu a jiki.

Ki ci gaba da gaya wa nas duk sanda ranki ya biya, kar ki ji kunya. Ni ma har yau in na gama cin abinci hannuna sai ya tafi bakin zani. Kar ki bari kowa ya busa kusa da ita, ko waye, ko shugabar aikinku ce. In kin koma aiki, bencin mai gadi dai, ki yi haƙuri da ƙafarsa.

Sai ɗaya takardar. Na buɗe ina cewa yau kuma me yarinyar nan ta ƙunso, sai na ga sawun ƙafa. Tsinke, ashe tawada kika shafa mata kika taka a takarda! Na ce wa Uwar Biyu matsa can, wannan ba na bukatar kowa. Na kai ta bakin taga. Na ƙirga yatsun, biyar cif, babban ya ɗan ware kamar na yayata. Na ɗora babban yatsana a kai, ƙafar ta fi shi tsawo, har da saura. Na sake gwadawa ko idona ne, ta fi shi.

Tun da nake a duniya sai dai a karanta mini. Yau ni na karanta wa Uwar Biyu. Na ce mata ga abin da aka rubuta: ƙarama ce, amma ta taka da ƙarfi.

Kakarku, ku biyun.